Ciwon Tsokar Zuciya a Manyan Karnuka: Tambayoyi da Amsoshi

Ƙananan karnuka idan sun tsufa, bawul ɗin zuciyarsu, wato murfin da ke hana jini komawa baya, ne yakan lalace. A manya kuwa, naman zuciyar kansa ne yake gajiya. Likitocin dabbobi suna kiran wannan ciwo DCM a taƙaice, kuma babbar matsalarsa ita ce yakan daɗe yana cin kare a ɓoye kafin mai shi ya ga wata alama. Adadin magungunan da za ku gani a ƙasa an kawo su ne don ku fahimci abin da likita ya rubuta muku, ba don ku je kemis ku sayo da kanku ba.

Mene ne ainihin abin da ke samun zuciyar?

Zuciyar kare tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. Na ƙasa na hagu shi ne mai aikin ƙarfi, domin shi ke kai jini ga dukkan jiki. A wannan ciwo tsokar bangonsa takan rasa ƙarfin matsewa, sai jini ya riƙa saura a ciki bayan kowane bugu. Jiki yana jin jinin da ke iso masa ya ragu, sai ƙoda ta fara riƙe gishiri da ruwa don ta ƙara yawansa. Wannan dabara takan taimaka da farko, amma ƙarin jinin yana ƙara buɗe ɗakin, bangon ya yi siriri, kamar robar wando da ta sha ja har ta daina komawa. Da ɗakin ya faɗaɗa, bakin bawul ma ya buɗe, jini ya riƙa tsiyaya baya. Ƙarshenta sai jini ya cushe a jijiyoyin huhu, ruwa ya tsattsafo cikin huhun. Idan ɓangaren dama ne ya gaza, ruwan a ciki yake taruwa.

Akwai matsala ta biyu da ke tafiya tare da wannan: tsokar da ta lalace tana rikita tsarin bugun zuciya. Wannan ce ke kashe wasu karnuka nan take, tun ruwa bai taru ko'ina ba.

Waɗanne irin karnuka ne suka fi kamuwa?

Doberman ne kan gaba, nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka yi a Jamus aka buga a 2010 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na Doberman da aka bi diddiginsu suna kamuwa a tsawon rayuwarsu. Sai Great Dane, Irish Wolfhound, Newfoundland, Saint Bernard da Scottish Deerhound. Boxer yana da nasa nau'in, wanda ya fi taɓa ɗakin dama, kuma rikicewar bugu ce ke fara bayyana a cikinsa. German Shepherd, wanda mutane suka fi sani da Alsatian, da Rottweiler da manyan karnuka dangin Mastiff su ma ana ganinsa a jikinsu, sai dai bai kai na waɗancan yawa ba. Cocker Spaniel ba babba ba ne, amma yana cikin jerin.

Yawanci tsakanin shekara 4 zuwa 10 yake bayyana, kuma maza sukan riga mata nuna alama.

Karena yana ci, yana gudu, yana haushi kamar kullum. Zai yiwu yana ɗauke da shi?

Ƙwarai kuwa. Ciwon yana da mataki uku. A na farko akwai lahanin a jini ta hanyar gado, amma babu gwajin zuciya da zai nuna komai. A na biyu zuciya ta fara buɗewa ko bugunta ya fara kuskurewa, na'ura tana gani, ido ba ya gani. A Doberman wannan mataki yakan ɗauki shekara biyu zuwa huɗu, kuma kusan ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na waɗanda ke cikinsa sukan faɗi matattu ba tare da sun taɓa yin ko tari ba. A na uku ne alamomi ke fitowa, kuma a lokacin an riga an yi nisa. Shi ya sa masu kare sukan ce ciwon "kwana uku kacal ya yi", alhali shekaru ya yi.

Waɗanne alamomi zan lura da su?

Saurin gajiya a tafiyar da ya saba yi ba wahala. Numfashi sama-sama ko da yana kwance a inuwa. Tari mai laushi, musamman da dare ko da asuba. Ƙin kwanciya a gefe: sai ya zauna ya miƙe wuya, ya ware ƙafafun gaba, ya tashi ya sake wuri. Ramewa a gadon baya da cinyoyi da saman kai, alhali ciki yana ƙara girma. Masu kare da yawa sukan ɗauki wannan kumburin a matsayin ƙiba ko tsutsar ciki. Dasashi ya yi fari ko ya yi shuɗi-shuɗi. Sai suma: kare yana cikin gudu ko murnar ganin maigida, ƙafafun baya su saki, ya faɗi, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya miƙe kamar ba abin da ya faru. Irin wannan suma ba abin jira a ga ko za ta sake ba ce. A Doberman da Boxer, ta biyun tana iya zama ta ƙarshe.

Kuna iya duba bugun da kanku. Ku ɗora tafin hannu ɗaya a ƙirjinsa ta hagu, daidai bayan gwiwar ƙafar gaba, ku sa yatsun ɗaya hannun a cikin cinyarsa ta ciki inda jijiya ke harbawa. A lafiyayyen babban kare da ke hutawa za ku ji bugu 60 zuwa 100 a minti, kuma kowane bugu na ƙirji yana da amsarsa a cinya. Idan bugun ya zama barkatai ba tsari, ko kuna jin bugu a ƙirji amma wasu ba sa isa cinya, to a kai shi asibiti.

An ce a riƙa ƙirga numfashinsa. Yaya ake yi?

Wannan shi ne gwaji mafi amfani da mai kare zai yi a gida, kuma ko sisi ba ya ci. A jira sai ya yi barci sosai a wuri mai sanyi. A zuba wa haƙarƙarinsa ido: tashi da sauka tare numfashi ɗaya ne. A ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Lafiyayyen kare mai barci ba ya wuce 30 a minti, da yawa ma tsakanin 15 zuwa 25 suke. A yi haka kullum na mako guda don a san adadinsa na yau da kullum, a rubuta a littafi ko a waya. Idan ya haura 30 sau biyu ko uku a jere, ko ya tashi sosai daga adadin da ya saba, a kira likita a ranar. Idan ya kai 40 yana barci, ba a kwana da shi.

Inda ake kuskure: ƙirgawa yana haki da baki buɗe, ko yana mafarki ƙafafunsa na motsi, ko yanzu ya dawo daga yawo. A lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kaɗai yana iya sa kare haki har cikin dare, don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne da asuba.

Wane gwaji ne ke tabbatar da ciwon?

Sikanin zuciya shi ne alƙali. Da shi ake auna faɗin ɗakin hagu lokacin da ya cika da lokacin da ya matse. Lafiyayyar zuciya takan tsuke faɗin da kimanin kashi 25 zuwa 45 cikin 100. Idan ya yi ƙasa da 20, ga kuma ɗakin ya buɗe, an kama hanya. Ba ya bukatar maganin barci, aske ɗan gashi kawai ake yi a gefen ƙirji.

Na biyu shi ne na'urar Holter, ƙaramin akwati da ake ɗaure wa kare a cikin riga, ya yi awa 24 yana naɗar bugun zuciya yayin da karen ke harkokinsa a gida. Ƙa'idar da likitocin zuciyar dabbobi na Turai suka fitar a 2017 game da Doberman ta ce: kuskuren bugu ƙasa da 50 a yini ba komai ba ne, sama da 300 ciwo ne, tsakanin 50 da 300 kuwa sai a maimaita cikin shekarar, in ya sake faɗawa nan, a ɗauka ciwo ne. Ƙa'idar ta ce a fara waɗannan gwaje-gwaje biyu daga shekara 3, a maimaita duk shekara, domin sakamako mai kyau na bana bai wanke baɗi ba.

Hoton ƙirji yana nuna ruwa a huhu sarai, amma ba abin dogaro ba ne wajen gano ciwon da wuri. Doberman yana da dogon ƙirji mai zurfi, zuciyarsa tana iya yin mummunan rauni amma a hoto girmanta ya yi kamar daidai. Haka ma abin sauraron ƙirji: sau da yawa ƙarar da ake ji 'yar kaɗan ce, ko babu ita sam. Kada kalmar "na saurara, lafiya lau" ta hana ku neman sikanin idan karen yana cikin jinsin da ke da hatsari. Akwai kuma gwajin jini na NT-proBNP da na troponin, waɗanda ke nuna wane kare ne ya kamata a gaggauta yi wa sikanin, amma su kaɗai ba sa yanke hukunci.

Idan babu Holter a kusa da mu fa?

A yi ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya, na minti biyar cur, ba na daƙiƙa talatin da aka saba ba. A Doberman, ganin kuskuren bugu ko guda ɗaya daga ɗakunan ƙasa cikin minti biyar babbar alama ce cewa akwai da yawa a yini. Matsalar ita ce yakan tsallake kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon, don haka rashin gani ba shedar lafiya ba ne. Game da sikanin, a tuntuɓi asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Maiduguri, a tambaya ta waya ko ana yin na zuciya kafin a ɗauko kare mai wahalar numfashi a yi doguwar tafiya da shi cikin zafi.

Akwai wasu cututtuka da ke kama da shi?

Da yawa, kuma a ƙasashenmu dole a fara kawar da su. Zazzaɓin kaska yana shanye jini, ya kawo kasala, farin dasashi da saurin bugu. Tsutsar hanji mai shan jini da ciwon hanta suna tara ruwa a ciki. Tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa tana kawo tari da gazawar ɓangaren dama. Sammore, wanda ƙudan tsando ke ɗauka, yana iya kumbura tsokar zuciyar kare kai tsaye, don haka idan karen ya taɓa zama a yankin da ke da tsando a gaya wa likita. Ɗigon jini a ƙarƙashin madubin awo da ƙidayar jini suna warware yawancin waɗannan cikin yini guda.

Akwai kuma abubuwan da ke raunana tsokar ba ta hanyar gado ba: cutar parvo idan ta kama ɗan kwikwiyo a makonninsa na farko, maganin ciwon daji na doxorubicin idan ya taru a jiki, ƙarancin aikin tayirod (wata 'yar gaɓa da ke wuya) mai tsanani, da bugun zuciya da ya daɗe yana gudu fiye da kima.

Da gaske ne abinci na iya jawo shi?

Yana iya yi, kuma wannan ne nau'in da ake samun sauƙi na gaske a cikinsa. Tsokar zuciya tana bukatar sinadarin taurine. Kare yana haɗa nasa daga furotin ɗin nama, amma wasu jinsuna, irin su Golden Retriever, Newfoundland da Cocker Spaniel, sukan gaza idan abincin bai da isasshen nama mai kyau.

A Yulin 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da cewa tana binciken rahotannin wannan ciwo a karnukan da ba a san jinsinsu da shi ba, waɗanda ke cin abincin buhu marar hatsi da aka cika da dangin wake da dankali. Zuwa ƙarshen 2022 rahotannin sun haura 1,300, hukumar kuma ta ce ba za ta sake fitar da bayani ba sai an sami sabuwar hujja. Da yawa daga waɗannan karnuka taurine ɗinsu daidai yake, amma zuciyar wasunsu ta farfaɗo bayan an sauya musu abinci. A ra'ayinmu wannan ya isa dalili: babban kare ba shi da bukatar abinci marar hatsi sai in likita ne ya ce, kuma idan kun duba bayan buhu kuka ga dangin wake a sahun farko na kayan haɗi, ku nemi wani.

Masu dafa wa kare a gida su ma su kula. Ragowar tuwo da shinkafa da taliya da ɗan romon ƙashi suna cika ciki, amma ba su wadatar da kare mai kilo 45 ba. Zuciyar saniya, kifi da naman cinyar kaza suna da taurine sosai. Inda gwajin taurine ke da wuya, likitoci sukan ba da shi kai tsaye tunda ba shi da tsada kuma ba ya cutarwa: miligiram 500 zuwa 1,000 sau biyu a rana, a sake sikanin bayan wata uku zuwa shida.

An gano shi tun bai nuna alama ba. Akwai amfanin fara magani?

Akwai, idan sikanin ya nuna zuciya ta buɗe. Binciken PROTECT da aka buga a 2012, kan Doberman 76 a Birtaniya, Amurka da Kanada, ya nuna waɗanda aka ba pimobendan sun kai matsakaicin kwana 718 kafin ruwa ya taru ko su mutu kwatsam, waɗanda ba a ba su ba kuwa kwana 441. Kusan wata tara ke nan. Maganin yana ƙara wa tsoka ƙarfin matsewa, yana kuma sassauta jijiyoyi. Ana ba da miligiram 0.25 ga kowane kilo, safe da yamma. Kare mai kilo 40 zai sha miligiram 10 sau biyu. A ba shi kamar awa guda kafin abinci, domin abinci yana rage shigarsa jini. An fi saninsa da sunan Vetmedin. Ku auna karen a kan sikeli. Kintace da ido ne ke sa ake ba Great Dane rabin abin da yake bukata.

Idan ruwa ya riga ya taru fa?

Furosemide ne ginshiƙi, wanda mutane suka sani da Lasix. Yana sa fitsari, ya janye ruwan daga huhu. A gida yawanci miligiram 1 zuwa 2 ga kowane kilo ne sau biyu a rana, wato ƙwaya ɗaya zuwa biyu ta miligiram 40 ga kare mai kilo 40, likita yana ƙarawa ko ragewa gwargwadon ƙidayar numfashin da kuka rubuta. Tare da shi akwai pimobendan, da enalapril ko benazepril, da spironolactone. Bayan mako ɗaya zuwa biyu da farawa, ko duk lokacin da aka ƙara adadi, a gwada ƙoda da sinadarin potassium.

Kuskure biyu sun fi yawa. Na farko, kare ya sami sauƙi, sai a daina furosemide. Cikin 'yan kwanaki ruwan ya dawo fiye da dā. Na biyu, ana ganin yana yawan fitsari sai a rage masa ruwan sha. Wannan hanya ce ta kashe ƙoda. Ruwa ya kasance a gabansa dare da rana, a buɗe masa hanyar fita fitsari. Ruwan ciki idan ya yi yawa har yana danne numfashi, likita yana zuƙe shi da allura.

Me ake yi wa rikicewar bugun?

Ya danganta da inda ta fito, shi ya sa ba a ba da maganinta sai da ECG. Idan daga ɗakunan sama ne, kamar yadda aka fi gani a Great Dane da Irish Wolfhound, bugun kan wuce 180 a minti ba tsari. Ba a cika iya mayar da shi daidai ba, rage gudunsa ake yi da diltiazem da digoxin, ana neman matsakaicin yini ya sauko ƙasa da 125. Digoxin ba ya son ganganci: tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba 'yar kaɗan ce, Doberman kuma ba ya jure shi sosai. Ƙin abinci, amai ko gudawa bayan fara shi na nufin a dakata a kira likita. Idan kuma daga ɗakunan ƙasa ne, sotalol, mexiletine ko amiodarone ake amfani da su. Suna rage suma, amma ba sa kawar da hatsarin mutuwar farat ɗaya.

Me ya kamata a guje wa?

Gishiri: dunƙulen miya, kilishi, ragowar miyar gida, kifin gwangwani. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ko ga lafiyayyen kare guba ne, balle mai shan furosemide. Ɗaure shi a rana da sunan gadi, ko barinsa ya bi babur da gudu. Tafiya a hankali da igiya da sassafe ko bayan magariba ta wadatar, in ya tsaya a tsaya.

Abu biyu kuma a asibiti suke faruwa. Kare ya zo a galabaice, sai a ce a yi masa ƙarin ruwa. Ga mai wannan ciwo, leda ɗaya da aka sake da sauri tana iya cika huhunsa. Sai allurar xylazine da aka saba kwantar da dabbobi da ita, wadda ke danne zuciya ƙwarai. Duk wanda zai taɓa karen, ko wankin haƙori ne, a fara gaya masa yana da ciwon zuciya, a nuna masa takardar magungunansa.

Yaushe ne abin ya zama na gaggawa?

Numfashi da ƙyar har ciki na bugawa, harshe ya yi shuɗi, kumfa mai ruwan hoda daga hanci ko baki, ko faɗuwa. A ɗauke shi a mota mai iska, a bar shi ya zauna yadda ya ga dama, kada a danne shi a gefe, kada a ɗura masa ruwa ko ƙwaya. A asibiti iskar oksijin da allurar furosemide ta jijiya ne farko. Hoto ya jira sai numfashi ya lafa.

Zai warke? Har yaushe zai rayu?

Na gado ba ya warkewa. Bayan ruwa ya taru, yawancin karnuka watanni suke yi, wasu su kai shekara ɗaya ko biyu idan magani ya karɓe su. Doberman ne ya fi gajeren zango, sau da yawa 'yan watanni ko da an yi komai daidai, musamman in bugun ɗakunan sama ya rikice. Wanda abinci ko ƙarancin taurine ya jawo kuwa yana iya farfaɗowa har a rage masa magani.

Zan iya ba da shi barbara? Me zan tambaya kafin in sayi ɗan kwikwiyo?

Karen da aka tabbatar yana da shi ba a haɗa shi, namiji ne ko karya. Wahalar ita ce ciwon yakan fito bayan kare ya riga ya haifi 'ya'ya da jikoki. Akwai gwajin ƙwayoyin gado: waɗanda ake kira PDK4 da "titin" a Doberman, da "striatin" a Boxer. Sai dai wani yana ɗauke da lahanin bai taɓa ciwo ba, wani ba shi da shi kuma ya kamu, don haka takardar gwajin ba ta maye gurbin sikanin na shekara-shekara. Ga mai saye, tambaya mafi amfani ita ce: iyayen uwar da na uban suna raye? In sun mutu, suna da shekara nawa, kuma me ya kashe su? Mai sayarwar da ya ce biyu daga cikinsu sun faɗi ne kawai suna shekara biyar ya riga ya ba ku amsa.

Karenmu ya kwana lafiya, da safe muka tarar ya mutu. Guba aka sa masa?

Zargin da ake fara yi ke nan, musamman ga karen gadi, kuma yakan haɗa maƙwabta faɗa. Guba yawanci tana barin shaida: amai, dalala, gudawa, jini, ko alamar ya yi ta shure-shure a ƙasa. Babban kare mai shekara 4 zuwa 8 da aka tarar kwance yadda ya saba, wurin tsaf, musamman Doberman, Boxer ko Great Dane, zuciya ce abin fara tuhuma. A kai gawar ga likitan dabbobi cikin 'yan awoyi, a sanyaya ta da ƙanƙara amma kada a daskarar da ita, a roƙi a auna zuciyar a kuma ɗebi yankin tsokarta don awo, domin wanda rikicewar bugu ta kashe zuciyarsa tana iya yin kamar lafiyayya a ido. Idan aka tabbatar, a sanar da wanda ya sayar da shi da masu riƙe da 'yan'uwansa da 'ya'yansa, su kai nasu sikanin.